Tulun Iska

Dadin Kowa, da hantsi.
Manu mai kwalekwale ya kai hannu ga tuluna,
na ce, "Bari!"
Ya janye, bai ce uffan ba.

Ba raini ba ne, Manu.
Kai ka san makwancin kowane kada a dam ɗin nan,
amma numfashina ke cikin ƙarfen:
ni zan ɗaura, ni zan murɗa, in ji hucinsa.

Can ƙasa, laka da duhu,
na lalubi igiya, na ja sau biyu.
Wa ke riƙe da bakinta?
Hannun da na kora ɗazu.

Na ɓullo, na miƙa maka tulun.
Ka ce, "Au, yanzu ya halatta?"
Ka dai karɓa.