Tsarabar Mutari

Ƙanena Mutari ya dawo daga Sin ran Laraba
da akwati biyu, da mura, da baki cike da magana.
Kayan babur ya je sarowa,
amma da dare a Zango, gindin fitilar Lawali mai shayi,
ba wanda ya tambayi kuɗin sarƙa ko na taya.

Ya ce ganyen nan da muke dafawa sau uku,
mu yi ta ɗura masa sukari har ya yi kumfa,
can mahaifarsa tsurarsa ake sha:
ruwan zafi, ganye, shi ke nan.
Lawali ya sauke buta, ya ce, Allah sarki,
ashe maraya ne a gidan ubansa,
sai da ya zo Damagaram ya san gata.

Ya ce da hannu guda suke ƙirga goma.
Ya lanƙwashe manuniya kamar ƙugiya: tara ke nan.
Ya yi bindiga da yatsu biyu: takwas.
Ranar farko ya zaci kashedi ake masa,
ya biya bai ce uffan ba,
shi da ke taya akuya a Kasuwar Dole
tun hantsi har mai ita ya gaji ya ce sallama.

Tsofaffi, in ji shi, suna fita da asuba
suna iyo cikin iska a hankali
kamar mai laluben allura a ɗaki mai duhu.
Wani da baya yake tafiya, wai don lafiya.
Mai gashin dankali ya ƙi takardar kuɗi,
sai dai a haska masa waya.
A jirgi kuma, wani Ba'indiye da ya tambaya ko kujerar da kowa
ya kaɗa kai, ba i ba, ba a'a ba,
Mutari ya tsaya tsaye har aka zo aka zaunar da shi.

Ran Juma'a wani dattijo mai farar hula,
gemunsa bai fi gashi bakwai ba,
ya matsa masa a sahu, ya yi masa sallama.
Cikin kwana tara, ita ce maganar farko
da ta shiga kunnensa ta sami tabarma.

Muka sha dariya har kofi na uku.
Sai na ce, to duk ciki me ya fi tsaya maka?
Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

Ya ce, ruwa.

Ɗakin da ya sauka hawa na sha bakwai ne.
Ƙarfe ukun dare ya murɗa famfo, ruwa ya zo.
Ya rufe. Ya sake murɗawa. Ya zo.
Hannunsa bai yarda ba:
ya cika bokiti, ya cika butar lantarki,
ya wanke kwandon shara na roba, shi ma ya cika.
Da safe mai share ɗaki ta tuttular duka,
tana murmushi, tana goge wurin.
Ga kogi ya ratsa tsakiyar gari, jirage na bi,
ba mai ko waiwayensa.

Ba wanda ya yi dariya.
Can ƙasan layi jarkokinmu rawaya
na kwana na biyu a bakin famfo, an ɗaure su da igiya ɗaya,
duwatsun Birni na sauke zafin da suka sha da rana.
Wani ɗan garuwa ya wuce, kurarsa ba nauyi, tana ƙara.

Tsarabar Inna Cima kuwa tsinke biyu ne,
jajaye, da zanen kifi a gindi.
Ta gwada su a tuwo, miyar kuka ta ƙi hawa.
Yanzu ɗaya na zura zariya a wandunan jikoki,
ɗayan na juya ƙosai da safe.
Ta ce mutanen nan da hikima suke,
ba su dai san amfanin abinsu ba.