Shayin Solveig

Babban jirgin ruwan Miami kwana uku yake yi.
Mutum dubu biyar, kiɗa har asuba,
kowa na ci kamar za a ƙwace farantin.
Na raba kofi har kafaɗa ta sage,
ban riƙe fuska ko ɗaya ba.

Wannan kuwa ƙarami ne,
yana lallaɓa gaɓar Norway.
Ranar farko shiru, sai ƙarar cokula.
Kafin mako an san mai minshari,
an san mai maguɗi a karta.

Yau kwana tara.
Tsohuwa Solveig ba ta sauko kari ba,
sai ga mu shida a ƙofarta,
ni da shayinta, ba sukari.
Ashe makara ta yi.
Ta buɗe, ta wanke mu tas,
sannan ta karɓi kofin.