Hannu a Duhu

Mako uku ina bin Dakta Kuluwa,
ina ɗaukar akwati, ina wanke sirinji.
Kaska kawai na cire,
sai maganin tsutsa da na ɗura wa tumakin Doko.
Farar rigata fes, kamar ta mai zuwa Idi.

Daren Laraba aka buga mana ƙofa a Garki.
Muka hau babur, yayyafi bai ɗauke ba,
muka ratsa geron da ya fi mu tsawo
har rugar Ja'e, bayan Kore.

Bunaji ce, haihuwar fari,
tana kwance tun la'asar.
Kofato biyu sun leƙo,
kai ya ƙi.

Dakta ta miƙo min sabulu.
Na ce, ni?
Ta ce, ka ga wani ɗalibi a nan ban da kai?

Hannuna ya shige har kafaɗa.
A aji, zanen allo yana da launi,
kowace gaɓa da kibiyarta da sunanta.
Nan babu kibiya.
Naƙuda ta taso ta matse min dantse
har yatsuna suka daina amsa ni.

Rufe ido, in ji ta, tocilan ba taka ba ce.
Nemi kunne.
In ka sami kunne, baki bai yi nisa ba.

Na laluba kamar mai neman allura a rumbu.
Ga haƙarƙari. Ga wuya, ya lanƙwashe baya.
Ga kunne, ɗan mitsitsi, a jiƙe.
Na tura ƙirjin ciki, na tallabo haɓa,
na juyo ta a hankali,
gumi na shiga idon da na rufe.

Aka ɗaura igiya.
Ja'e da ɗansa Dotti suna ja in ta yi nishi,
suna saki in ta huta.
Ɗan maraƙi ya sulluɓo ƙasa.

Na share masa hanci, na soka tsinke,
na murza ƙirjinsa da buhu,
na murza, na murza,
sai da Dakta ta dafa min kafaɗa.

Ja'e bai ko dube ni ba.
Ya durƙusa wajen uwar
yana yi mata magana da Fulatanci, ƙasa-ƙasa.
Gab da kiran assalatu ta yunƙura,
ta tashi, ta sha ruwan dusa.
Sannan ya juyo:
Ɗan makaranta, ruwa ne ya zube,
tulun yana nan.

Littafin horo ya ba ni layi uku in faɗi abin da aka yi.
Na rubuta: kai ya karkace, an gyara,
uwa ta rayu, ɗa bai rayu ba.
Layi ɗaya ya yi saura.
Dakta ta sa hannu, ta dubi rigata, ba ta ce komai ba.

Yau kwana huɗu.
Na wanke da sabulu, da toka, da lemon tsami,
amma duk lomar tuwon da na kai baki
sai na ji daren nan a hannuna.