Saƙon Gwaji Daga Garwa

An gama girkawa tun la'asar.
Injiniyan Duwala ya bi jirgin yamma,
ya bar min takarda shafi tara da Faransanci
da uwar garke tana huci a ɗakinta,
ɗaki ɗaya tak a ginin nan da ba a gumi.

Amma girka tukunya ba shi ne tuwo ba.

Na fara da mai kula da layuka.
Na raɗa masa suna da manyan baƙaƙe,
ba rago, ba goro, maballi kawai na danna.
Na tashe shi, na tambayi allo ko yana numfashi.
Allo ya ce yana gudana.

Na tsaga layin kuɗin ajiya,
na tsaga layin kuɗin cira,
sai na uku can gefe, wanda ba na fatan ya cika,
makwancin wasiƙar da ta rasa mai ita.
Na tsayar da mai sauraro
a ƙofa ta dubu da ɗari huɗu da sha huɗu,
na ce masa, ban da gyangyaɗi,
Gidar za ta ƙwanƙwasa, Figil ma,
har Lagdo ta bakin ruwa.

Baba Ndotti mai gadi ya leƙo da shayi:
kai da wa kake hira?
Na ce da dillali, Baba, wanda ba ya cin la'ada.
Ya karɓi saƙon wannan ya riƙe,
in mai shi ya farka, ya miƙa.
Ya ce shekara talatin yana zuwa kasuwar shanun Adumri,
bai taɓa ganin irinsa ba.

Na kira Astajam a reshen Gidar,
na ce ta zuba wa allonta ido.
Na rubuta: ruwa ya sauka a wajenku?
Na tura.
Aka tofo min lamba huɗu: ba ka da izini.
Ni na gina gidan, ni aka tare a zaure.
Ashe ban sa sunana cikin masu iko ba.
Na sa, ina jin kunyar na'ura.

Na sake turawa. Ya fita.
Astajam ta ce shiru.
Minti ashirin ina bin sawu a kundin kurakurai,
shayi ya huce, sauro ya samu ƙafata,
sai ga shi kwance a layi na uku.
Na rubuta Gidar da ƙaramin baƙi,
baƙi ɗaya ya mai da saƙona baƙo.

Karo na uku na ji dariyarta kafin maganarta:
bai sauka ba, amma gabas ta haɗe rai.

Saura gwajin da na fi tsoro.
Na jera saƙo ɗari a layi,
zan kashe na'ura in ga ko za su kwana da rai.
Hannuna bai kai ba iska ta taso daga Binuwai,
wutar gari ta yi min aikin.
Batirin ajiya ya yi kuka sau uku ya bi ta.
Duhu. Baba yana zagin janareta da Fulatanci.

Da haske ya dawo ban zauna ba,
a tsaye na tambayi zurfin layi.
Ɗari.
Cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Na rubuta kwanan wata a shafi na tara, na sa hannu.
Gobe wata mai ƙuli-ƙuli a Figil
za ta ajiye jaka biyu, ta karɓi rasit,
ta ɗaure shi a bakin zane.
Ba za ta san da ƙofar ba, balle ni.

Na tura babur cikin yayyafi,
ban ma tayar da shi ba sai da na kai kwana.