Haƙori Ashirin da Huɗu

Ni ke riƙe makullin ɗakin ƙira
a hawa na uku, ƙarshen baranda,
inda taga ke kallon tashar jiragen ruwa ta Valparaíso
da gidaje masu launi da suka dafe tudu kamar ƙuda a bango.
Shekara talatin na yi ina gurzar ƙarfe a bakin teku
kafin jami'a ta ce, Rosamel, zo ka kula mana da yara.

Maƙerar nan ba zuga-zugi, ba gawayi, ba tartsatsi.
Injina biyar ne a jere, kowane da ƙullin zaren roba,
suna narka shi, suna shimfiɗawa siriri bisa siriri
kamar magini mai haƙurin da ya wuce na mutane.
A lungu hasken leza na yanka katako,
ɗakin duk ƙaurin itace.

Ranar Talata Ximena Huenchul ta shigo
da wani abu ƙunshe a hankici.
Ɗan faifai ne mai haƙora, daga keken ɗinkin kakarta,
uku sun karye, sauran sun sha duniya.
Ta ce kamfanin ya mutu tun ba a haifi uwarta ba,
ta ce tsohuwa ta daina magana da kowa
tun ranar da keken ya yi shiru.

Ta zana shi a kwamfuta cikin awa guda,
ya fito a allo yana juyi, tsaf, kamar wata daren sha huɗu.
Na miƙa mata ma'auni, ta ce ai ta gani da ido.
Ido ba mudu ba ne, na ce,
kuma a nan ko kimar bai sani ba.
Ta yi dariya, ta danna maɓalli.

Na fari bai shiga ba.
Na biyu ya shiga, yana rawa kamar haƙorin yaro.
Na uku ya ɓalle daga faranti tsakar aiki,
muka tarar da tulin zare kamar taliyar da aka zubar.
Ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango,
Baltasar mai buga ƙafar roba don karensa
ya raba burodinsa biyu, ya tura mata rabi, bai ce komai ba.

Ranar Juma'a da kanta ta ɗauki ma'aunin.
Rabin milimita. Abin da ya hana ta barci ke nan,
abin da bai kai kaurin farce ba.

Na shida muka bar shi ya kwana yana ginuwa.
Wajen ƙarfe uku ƙasa ta ɗan motsa,
irin motsin da ba ya tada kowa a garin nan
sai karnuka da kofunan shayi.
Da safe ga faifai cikakke, haƙori ashirin da huɗu,
sai dai wani layi siriri ya ratsa shi,
daidai inda ƙasa ta gyara kwanciya.

Ta ce a sake.
Na ba ta magagari, na ce inji ya gama nasa.
Ta goga, ta hura, ta gwada,
ta goga har ƙurar roba ta yi mata fari a yatsu,
ta soki babban yatsa, ta tsotse, ta ci gaba.

Ban je gidan ba, ban ji keken ya tashi ba.
Litinin dai na iske ƙunshi rataye a ƙofa:
rigar aiki shuɗiya, ɗinki a miƙe,
aljihun ƙirji an yanka shi daidai tsawon ma'auni.

Biyar ɗin da suka lalace suna cikin kwalba a kan kanta.
Na rubuta kwanan wata a murfin.
Sababbin ɗalibai za su zo watan Maris,
kwalbar nake fara nuna musu
kafin in nuna musu inda ake kunna wuta.