Turakun Siminti a Lambuna

Ranar Laraba suka zo da farar mota,
nan bayan Epe, inda kwalta ke ƙarewa.
Mutum uku, da na'ura mai ƙafa uku.
Suka kafa turakun siminti
tsakanin alayyafona da kuɓewar Iya Risikatu.

Bale ya tara mu gindin mangwaro.
Gida ɗari huɗu, in ji shi,
da asibiti, da wutar da ba ta ƙiftawa.
Ya ce, "Na gaji da sa mai naƙuda a kwalekwale.
Biyu muka binne bara."
Ba wanda ya ƙaryata shi.
Da mu aka haƙa kabarin.

Sarkin Hausawanmu, Alhaji Gwadabe,
ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya:
"Baƙo raɓa ne. Ku yi haƙuri."
Shago biyun da aka ce za a ba shi bakin ƙofa,
wannan bai fito gindin mangwaro ba.

Raɓa?
Shekara talatin da ɗaya ke nan
da na sauka da fartanya guda daga Ɗambatta.
Rairayi na tarar, da gishiri.
Kashin kaji na yi ta jida a ka
har ƙasar ta yi baƙi, ta san hannuna.
Wace raɓa ce ke binne cibiyar 'ya'ya biyar?

Amma Sagiru, autana, washe baki yake.
Tuni ya kai suna wurin ɗan kwangila.
"Baba, dubu bakwai a wuni.
Dami nawa za ka yanka kafin ka ga haka?"
Na buɗe baki, na rasa lissafi.
Yarbanci ma ya fi zama a harshensa,
ban san wace ƙasa zan ce ya yi wa kuka ba.

Iya Risikatu ba ta ce uffan a taro ba.
Da asuba na hangi hayaƙi a ƙofarta:
turaku uku ta tumɓuke, ta yi murhu,
tana suyar kifi a kan lambar gwamnati.

Ni ban tumɓuke ba, ban kuma sa hannu ba.
Sun ce katafila sai nan da wata guda.
Alayyafo kwana ashirin da ɗaya yake so.
Jiya na watsa sabon iri.
Miƙo mini bokitin nan, rana na yi.