Akawal Zai Hau Jirgi

Dawaki tara ne a bargar Alhaji Tanimu,
bayan filin folo, inda duwatsun Jos ke ɓoye sanyi.
Baƙon ya wuce kili, ya wuce danda,
ya ja birki gaban akawal ɗina.
Na ce a raina: kai, ban da wannan.

Ya buɗe masa baki ya ƙirga shekaru a haƙora,
ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya,
ya ce, "Sallau, zagaya da shi in gani."
Na so a ce ya yi ɗingishi ko na ƙarya.
Ja'irin ya taka kamar ango.

Dakta Nanret ta zo daga Vom da kwalabe,
ta ɗebi jini, ta yi allura,
ta zana ɗigon farin goshinsa a takarda.
Doki da fasfo!
Ni ko Bukuru sai da dalili nake zuwa.

Kwana arba'in a killace.
Na koya masa shiga akwatin jirgi:
taku ɗaya, ga dusa,
taku biyu, ga kanwa a tafin hannuna.
Na naɗe masa ƙafafu da auduga,
na taje geza har ta kwanta.

Yau da asuba mota ta ɗauke shi zuwa Abuja.
Na miƙa wa direba ƙullin kanwa,
ya ce ba ta cikin takarda.

Ga turke, ga ragama.
Na share barga,
na kasa harawa kashi tara,
sannan na tuna.